Fitilar Baya ta Hagu

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda kowa a layinmu yake kira Mai Wayarin. Kwana shida ya yi yana fama da ciwon ƙirji. Ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana, da shagon gyaran wutar mota da har yau ba a buɗe ba.

Kawu, ka fi kowa sanin ba na iya magana a gaban mutane. Shi ya sa na rubuta.

Shekarar da na gama firamare Mama ta fara aike ni da abincinka na rana. Nakan ajiye kwanon a kan benci in juya, ko gaisuwata ba ta fita. Kai ne ka sa mini suna Lasifika. Wata rana ka tsayar da ni, ka ce, "Lasifika, zagaya bayan motar nan. Mutum ba ya ganin fitilarsa ta baya, sai an gaya masa." Ka shiga ka murɗa makunni, ka ce, "Yaya?" Na gyaɗa kai. Ka leƙo ta taga kana dariya. "Kin ga ido a ƙeyata? Da baki ake wannan aikin."

Daga ranar aikina ya zama kalma biyu ko huɗu: ta kawo, ba ta kawo ba.

A hankali ka nuna mini hanyar wutar, kana bin ta da yatsa. Daga batir take tasowa, ta bi ta fis, ta zo makunnin da ke jikin sitiyari. In an murɗa sau ɗaya, ƙananan fitilun gaba da jajayen baya da ta lamba duk tare suke kamawa. Ka ɗaga ƙwan fitila a rana ka nuna mini zare biyu a cikinsa, siririn na tafiya da tsayuwa, mai kaurin na birki. Ka ce in duka biyun baya sun mutu, a fara duba fis. In ɗaya ce, a duba ƙwai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ka ce wuta ba ta aiki sai ta samu hanyar komawa gida, kuma ƙarfen jikin motar ne hanyar. Wata 'yar baƙar waya ce take haɗa fitila da ƙarfen. In tsatsa ta ci gindinta, fitilar ta dushe, in aka taka birki ta mutu gaba ɗaya.

Sau ɗaya na yi maka ƙarya. Wani mai babbar riga ya kawo mota yana sauri, yana tsaye a kaina yana duba agogo. Ta hagu ta dushe, na gani, amma na ce ta kawo don a sallame shi ya daina kallona. Ka fito da samfefa ka goge gindin wayar, ka ɗaure. Da ya tafi ka zaunar da ni a kujerar direban wata motar, ka kunna fitilu, ka ce in kalli madubi. Sai na ga jan haske a jikin ƙofar shago. Ashe kullum kana ganin fitilun da kanka. Ashe ba ka taɓa bukatata a bayan mota ba.

Na fara kuka. Ka ce, "Ƙofar nan ba za ta bi mutane titi ba. Fitilar gaba ta mai mota ce, ta baya kuwa ta wanda yake bin sa ce, kuma shi ba ya nan balle ya yi magana. Ke ce bakinsa." Sannan ka tura mini kwanon ka ce in taya ka, wai Mama tana zuba abinci kamar za ta ciyar da gareji.

Ba ni kaɗai ka yi wa alheri ba. Ka sha tsayar da mai babur a bakin shago ka sa masa ƙwai, ka ce ya wuce. Amma wannan wasu za su faɗa.

Ranar da ka rasu, kafin a gama shiri rana ta faɗi, ga hadari. Mai Burodi, amininka, shi ya kawo motarsa ta kaya aka sa ka a baya. Babura sun yi layi za su bi. Ina tsaye a bakin ƙofa a bayan Mama. Mai Burodi ya kunna fitilu, sai na ga ta hagu ta dushe. Ya taka birki, ta mutu.

Kawu, maza sun cika layi, manya da limamai. Na ce a raina wa zai tsayar da gawa saboda fitila. Sai na kalli masu baburan, na tuna hanyar ba haske, ga ruwa yana shirin sauka. Na ce, "Ta hagu ba ta kawo ba." Ko Mama ba ta ji ba. Motar ta fara motsi. Na sake faɗa, da muryar da ban san ina da ita ba.

Kowa ya juyo. Mai Burodi ya sauko, idonsa jajur. Ya ce, "'Yar nan, ƙwai ne?" Na ce a'a, Baba, baƙar wayar ce. Na shiga gida da gudu na ɗauko sukundirebanka da samfefa a aljihun rigar aikinka da ke rataye. Ya kwance fitilar, ya goge, ya ɗaure. Ya koma ya zauna, ya taka birki, ya leƙo ta taga kamar yadda kake yi.

"Yaya?"

Na ce, "Ta kawo."

Suka tafi da kai. Na tsaya ina kallon jajayen fitilun nan biyu har suka sha kwana. Na so a ce akwai madubi a wurinka.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka kamar yadda ka haskaka wa mutanen da ba su san ka ba hanya. Ina yi wa Anti matarka ta'aziyya, da ƙannena biyu da ka bari, da Mama wadda har yanzu takan manta ta zuba abincinka, da Mai Burodi da duk abokan aikinka. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ka bari, ya sa mu cika da imani. Amin.