Gangar Tsawa Mai Buga Kanta

Duk unguwar da Tsawa ake kiransa, kuma wallahi sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne ɗan firit, ka ce iska za ta ɗauke shi, amma in ya zauna bayan gangunansa, babba a ƙafa, ƙanana a gaba, faifan ƙarfe a gefe, sai tagogin maƙwabta su kama rawa. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin ƙungiyar mawaƙa gari-gari. Da gwiwa ta fara ƙorafi ya dawo gida, ya jera gangunan a ɗakin sama mai daɓen katako, inda matarsa ke ɗinki da keken nan na ƙafa.

Tun suna amarci take mita. "Malam, kai dai kunnena ka aura don ka kashe shi." Shi ko sai ya yi dariya ya ƙara mata da wani salon.

To, ranar da likita ya ce jininta ya hau, ciwon kan da take fama da shi kuma ba ya son hayaniya, dariya ta ƙare. Tsawa bai jira an roƙe shi ba. Ya ɗauko tsohon zanin gado ya lulluɓe gangunan, ya ce ya bari. Sai dai bari a baki yake. A wurin cin abinci yatsunsa na bugun gefen kwano, ya rame, ya zama masifaffe, har kyanwar gidan ta daina zuwa kusa da shi.

Ƙanensa mai gyaran rediyo ne ya kasa jurewa. Ya zo da kwali a hammata.

"Yaya, cire fatun gangunan nan. Ga na raga."

Tsawa ya ɗaga ɗaya ya leƙa ƙanen ta cikinta. "Gidan sauro ka kawo min? Ni za a yi wa wannan wulaƙancin?"

Ƙanen ya yi masa bayani. Ragar ba ta yin ƙara. Akwai 'yan na'urori da ake maƙalawa a bakin kowace ganga, su ji bugu su aika ta waya zuwa wani akwati, akwatin ya mayar da shi sautin ganga a cikin hedifon, abin nan na sawa a kunne. Kai kaɗai za ka ji. Tsawa ya dubi 'yan na'urorin yadda suka liƙe a jikin gangunansa ya ce, "Kaska ke nan." Daga ranar sunansu kaska.

Kada ka so ka ga bugun farko! Ya buga sau ɗaya, akwati ya amsa sau biyu. Ya taɓa a hankali, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Laifin kuwa nasa ne. Duk rayuwarsa da kunne yake ɗaure ganga, ya ja, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Raga ba ta da murya, sai ya bar ta sako-sako, sanda na tsalle a kai. Dole tsoho ya koyi ɗauri da yatsa, yana danna kowane gefe yana jin tauri, yana juya makullin ɗaurin kaɗan-kaɗan. Uwargida ta farke kafaɗar wata tsohuwar kwat ta ba shi soso, ya yanka ya tokare ragar ta ciki. Ƙanen ya rage wa akwatin saurin ji. A hankali gangunan suka fara bin hannunsa, har ƙaramin bugun da yake yi da gefen sanda ya fito tas. Ranar Tsawa ya ci abinci har da neman ƙari.

Saura babbar ganga. Ita fa ta ƙi. Yana tsakiyar kiɗa sai ya ji dum, dum-dum, ƙafarsa kuwa ba ta taɓa fedar da ke buga ta ba. Ya canza waya, ya canza kaska, ya ɗaure, ya sassauta. In ƙanen ya zo, lafiya lau take, kamar yaron kirki gaban baƙo. Yana fita ta dawo da halinta.

"Yaya, ko dai ƙafarka ce ke rawa ba ka sani ba?"

"Ƙafar wa? Kai, fita min daga gida!"

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Makaɗin da gangarsa ke yi masa katsalandan ai ya gama yawo. Wata safiya ya hau sama da zanin gadon a kafaɗa, ya ƙudurta in ta sake, ya lulluɓe su har abada. Ya sa hedifon, ya ajiye sanduna a cinya, ya janye ƙafafunsa duka biyu, ya zauna kurum.

Dum, dum-dum. Dum, dum-dum.

Ai kuwa ya san wannan bugun. Nasa ne. Salon da yake buɗe kiɗa da shi tun yana saurayi, mai ɗan jinkirin nan kafin na biyu, wanda ba wanda ya taɓa iya kwaikwaya. Ya waiwaya a hankali. Uwargida na can bakin taga ta sunkuya kan keke, tana kalmasa bakin labule, ƙafarta na taka feda. Ta tsaya gyara zare, ganga ta yi shiru. Ta ci gaba, ganga ta ɗauka. Ashe katakon daɓen ne ke kai girgizar keken har wurin kaska. In ƙanen ya zo kuwa, tashi take ta sauka dafa masa shayi.

Tsawa ya yi dariya har da hawaye, har ya zame daga kujera.

"Lafiya, Malam? Ko abin ya taɓa ka ne?"

Ya rage sautin ƙasa sosai, ya jawo doguwar wayar, ya ɗora mata hedifon a kan ɗankwali. "Taka kekenki."

Ta taka. Ta tsaya cak. Ta sake takawa, sai ta rufe baki da hannu.

"Ke da kika ce na kashe miki kunne," in ji shi. "Ashe a ƙafa kika ɓoye kiɗan."

"Ni ban san wannan zancen ba," ta ce, idonta ya ciko. Can ta ƙara da cewa, "Tun da ka lulluɓe su ɗinkina ke karkacewa. Kunyar faɗa maka na ji."

Da ƙanen ya ji labari ya ce abu mai sauƙi, a shimfiɗa roba mai kauri ƙarƙashin gangar, magana ta ƙare. Ya kawo robar har gida. Tana nan a ƙofar banɗaki ana goge ƙafa da ita. Abin da Tsawa ya sa shi ya haɗa shi ne hedifon na biyu.

Yanzu in ka bi ta layin da hantsi ba abin da za ka ji sai ƙarar keken ɗinki da ɗan tas-tas na sanda a kan raga. A sama kuwa tsofaffi biyu ne da waya a kunne suna gyaɗa kai tare. Gwiwarsa ta huta, babbar ganga ta zama tata. In ya yi sauri ta ɗago ta harare shi.

"Malam, bi ni a hankali. Bakin riga nake yi."