Azumin Musbahu Mai Tsire

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas, Musbahu mai tsire ya wayi gari a Obalende ba masu saye. Ma'aikatan da ke cin namansa duk an yi gaba da su. Shi ma ya naɗe wuƙaƙensa ya bi su Abuja, ya kafa tukuba a Jabi, lokacin katafila ta fi mutane yawa.

Bazazzagi ne, ga tsokana ga baki, amma abin taƙamarsa ɗaya ne tak. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba, duk da wutar da yake wuni a gabanta.

Can shekaru suka ja, ciwon ciki ya sa shi gaba. Ana ta ce masa olsa ce, ciwo kuwa yana zagayawa har gadon baya, mutum sai ramewa yake. Shi da ke zaɓen rago a kasuwar Dei-Dei da tafin hannu, wata safiya ya danna cikinsa yadda yake danna na dabba, ya ce wa matarsa, "Barira, akwai abu a nan."

Hoton asibiti ya nuna ƙari a wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda ke daidaita sukarin jiki. Likita Clara ta ce daga rigar jijiya ya tsiro, irin wanda likita kan yi ritaya bai gani ba, kuma galibi ba ya yaɗuwa.

Ya yi mata tambayar mahauta: "Shi kaɗai za ku ɗaye, ko da tsokar za ku haɗa?"

"Sai mun buɗe, Baba."

Suka buɗe suka tarar ya manne, dole aka haɗa da fiye da rabin tsokar. Ya warke sumul, amma ciwon sukari ya biyo baya, allura safe da yamma. Azumi kuwa, ta ce kada ya kuskura. Malamai uku ya zaga yana neman wanda zai ƙaryata ta, duk suka ce ya ciyar.

Yana ciyarwa kuwa. Duk watan azumi, kafin magariba leburori sun yi layi a gaban tukubarsa, leɓuna a bushe. Shi da ya ci tuwo da azahar a ɓoye a bayan shago, sai ya tsaya yana kallon yadda suke ɗaga kofin ruwan farko, wallahi har ƙwalla yake yi.

Barira ta ce, "Malam, ka samu lafiya, me kuma ya rage?"

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Ƙishirwar nan nake kewa."