Suwaiba Ta Wanke Rawanin Surukinta

Suwaiba dai tun tana ƙarama a Kornaka ba a taɓa ganin hannunta ba kumfa ba, wallahi yarinyar da ke wanke igiya kahin ta shanya kaya, in ta gama shara ta wanke tsintsiyar, uwarta ta taɓa iske ta bayan ɗaki ta danne kaza tana goge mata ƙafa. Lakwal, makarantar boko, aji huɗu ta yi ta bari, wai mushe malamin ajin ba ya wanke wuyan rigarshi, ita ko ba ta iya kallon allo shina tsaye gabanta. Abu guda ta iya a duniya kuma ta iya shi da gaske, in ta wanke farin kaya ta sa bula ta shanya sai ka kare ido da hannu. To shi ke nan sai kai ya kumbura, kowa ƙazami ne cikin ƙasar Allah ban da ita.

Da ta isa aure Hamid ya gan ta ranar kasuwa, shi ɗan Dakoro ne mai saye da saida tumaki, ta ce tana so dan farcenshi a yanke yake. Iyayenshi mutanen Tagriss ne, tun shekarun da fari ya cinye musu dabbobi suka sauko gari suka zamna. Uban shi ne Elhaji Attaher, dogo, magana uku yake yi a yini biyu cikinsu salati ne. Uwar kuma sunanta Lalla, ƴar siririya mai sanyin murya, irin wadda in ta ce miki sannu sai kin koma ɗaki kin yi tunanin mi kika yi.

Wata biyu da tarewa aka yi suna a unguwa, mata cike da tsakar gida ana tuƙin tuwo, wata ta ce amarya ƙaƙa gidan miji? Suwaiba ta gyara ɗaurin kallabi ta ce lahiya lau, mutanen kirki ne wallahi, sai dai su ruwa in ba cikin shayi ba ba su san amfaninshi ba. Aka kwashe da dariya har da masu tafa hannu. Ashe Lalla na bayanta zamne kan tabarma tana gyaran zogale. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "To madalla, Allah ya kawo muna malama." Tun daga ran nan wankin gidan duka ya koma hannun Suwaiba, ita ko murna take wai an gane darajarta, ba ta san jira ake ba. Matan ma jira suke.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Tagriss, ɗiyar Elhaji da ke aure can ta haihu, suna ran Juma'a, Elhaji zai tahi ya zamna gaban surukai. Ran Talata shi da Hamid suka kora raguna kasuwar Sabon Maci, sai Alhamis su dawo. Lalla kuma zaman makoki take zuwa can bayan kasuwa, ta hita da sahe sai la'asar. Kahin ta hita ta buɗe akwatin Elhaji ta hiddo babbar rigarshi fara ta shadda, ta hiddo rawaninshi na turkudi da ke naɗe cikin takarda ta aza bisa rigar dan ya sha iska, ta ce, "Ɗiyata, ga riga nan ki ɗauraye." Riga ta ce. Ko kurma ya ji riga ta ce.

Shi turkudi ga wanda bai sani ba, ƙyalle ne baƙi wuluk mai walƙiya, shuni ake dankara mishi a buga da itace har ya riƙa sheƙi, kana taɓawa hannunka ya yi shuɗi, in mutum ya naɗa goshi da wuya duk su rine, kuma wannan rinewar ita ce adon. Ba a wanke shi. Ruwa ko na sama ne gudu ake da shi. Elhaji sau biyu ko uku yake naɗa nashi a shekara.

Malama Suwaiba ta ɗaga rawani, ta dubi hannunta ya yi shuɗi, ta sunsuna, ta ce innalillahi, bawan Allah shekara nawa shina naɗa wanga a kai ba mai tausayinshi! Ta ɗora ruwa suka yi ɗumi, ta zuba omo har da ƙari, ta cusa riga ta cusa rawani baho guda, ta danna da ƙafa, ta tahi surhen hatsi tana waƙa.

Da ta dawo ruwa sun yi baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Daɗi ya kama ta, ta ce kun gani ko, ina ma matan nan na kusa su ga abin da nike faɗi. Sai ta jawo riga. Riga ta hito shuɗiya, ba ma shuɗi guda ba, gaba ya hi baya, hannun dama kamar sararin sama na hagu kamar bakin tukunya, wajen aikin wuya kuwa zane-zane ya yi sai ka ce an zubda miya an shahe da tsumma.

Ta tsaya riƙe da riga tana ɗiga. Ba Elhaji ta tuna ba, matan gidan suna ta tuna, da Lalla bisa tabarma. Ita Suwaiba, da bakinta, gaban mata sun hi talatin. In rigar ga ta kwana biyu haka Lalla ta gani, to sai dai ta bar Dakoro. Rawanin ko ba ta damu ba, shi ai aikin lada ta yi, ta ƙara mishi ruwa bakwai har suka fara hita garau, ta shanya shi cikin ɗakinta bayan ƙyaure dan ta ba mutane mamaki.

Riga kuma aka shiga yaƙi. Ta cuɗa da sabulu har fatar yatsa ta saɓule, shuɗi na nan. Ta matse lemun tsami na miyar sati guda ta baza ga rana, shuɗi ya ƙara kyau. Ta jiƙa da kanwa, ta jiƙa da ruwan toka, riga ta hito tana warin murhu. Ta ɗauko jabel, ruwan nan mai cinye tabo, ta tsiyaya shi tsura a gehen ƙasa dan gwaji, wurin ya yi rawaya, ta ɗan murza sai ga yatsanta ya leƙo ta baya. Ta yi maza ta ɗauraye. La'asar ta yi Lalla ta yi sallama, Suwaiba ta dunƙule riga ta tura cikin tukunyar da ba a dahuwa da ita ta kihe murhi.

"Ɗiyata, rigar ta bushe?"

"Tana jiƙe Inna, dauɗar ta kama sosai."

"Ai ko. Mu da ba mu iya ba."

Laraba da sahe Lalla na ba da baya Suwaiba ta sa riga cikin buhu ta lulluɓe da hijabi ta nuhi gidan Uwale mai rini. Uwale tsohuwa ce gajera, hannuwanta shuɗi har gwiwar hannu shekara da shekaru, kuma ita ce Suwaiba ta taɓa ƙin amsar hura daga hannunta gaban mutane wai azumi take, ran Sallah. Uwale na tsugune gaban tukunya ta ɗago kai.

"A'a, mai azumi! Yau ƙazamai aka tuno? Kada ki zamna, kujerar ba ta yi wanka ba."

"Inna Uwale dan Allah ki ruhe mini asiri, ta maƙwabciyarmu ce."

Uwale ta zazzage riga ta shimhiɗa, ta duba, ta kai hanci. "Maƙwabciyarku ta yi tsawo ko, kuma tana sa rigar Elhaji Attaher. Wanga shunin turkudi ne. Ƙaƙa aka yi ya hau?"

"Tare na jiƙa su."

"Kika jiƙa mi?"

"Rawanin. Ai shi ya hita tas, ruwa bakwai na ba shi."

Uwale ta saki riga ta zamna daɓas a ƙasa, dariya take har numhwashi na ɗaukewa, tana dukan cinya tana bar ma zanenta shaidar yatsu. Da ta samu kanta ta share hawaye ta ce, "Yarinya, abin da kika zubda cikin lambatu shi ne rawanin. Wanda kika shanya tsumma ne."

Suwaiba ta ce to a maida mishi, ba rini ne aikinki ba? Uwale ta ce ita zannuwan mata take rinawa, wancan can nesa ake yin shi, maza ne ke yini suna bugu, ko ta tsoma shi tukunya sau goma baƙin ƙyalle kawai zai zama ba sheƙi. "Riga dai in gwada miki. Ja mayahi ki toshe hanci."

Ta tafasa ruwa a fili, ta ɗebo wani farin gari da masu rini ke aiki da shi ta barbaɗa, wari ya tashi kamar ƙwai ya ruɓe cikin takalmi, ta tsoma riga ta miƙa ma Suwaiba sanda ta ce juya, kada ki tsaya, in kika bar waje guda ya leƙo iska shuɗin komawa yake. Sarauniyar tsabta tsaye cikin tururi, ido na hawaye hanci na zuba, awakin Uwale ma sun koma bayan rumbu. Ruwa suka juye kore-kore. Uwale ta ce hiddo, maza cikin ruwan sanyi, ɗauraye, zubda, ƙara, zubda, ƙara. Sau biyu aka maimaita tun daga tafasa. Da aka ɗaga riga ga rana sai ga ta fara, sai ɗan dishi-dishi cikin zaren aikin wuya wanda sai mai neman magana zai gani. Ramin jabel kuma Suwaiba ta kalmashe gehen ta ɗinke.

Hanyar gida ta yi ta ba kanta magana, riga aka ba ta riga kuma ta hita, rawani ko Uwale ce ke ƙara gishiri dan haushin hura. Ta hura gawayi ta goge riga, ta jawo rawani shi ma ta bi shi da dutsen guga dan kada a ce ta yi rabin aiki. Ya miƙe sumul, kalar toka-toka, awa zanen goyon da ya raini ɗiya biyar.

Alhamis bayan azahar Elhaji ya dawo, ya zamna ƙarƙashin rumfa Lalla na haɗa mishi shayi. Suwaiba ta azo kaya bisa faifai, riga ƙasa rawani sama, ta durƙusa nesa kaɗan ta ce Baba sannu da hanya, ta aje. Elhaji ya dubi faifai. Ya daɗe shina dubawa. Ya ɗauki rawani ya murza da babban yatsa, ya juyo yatsan ya duba, fari tas. Sai ya jawo rawanin yau da kullum da ke kanshi ya ƙara ruhe hanci har ido kaɗai ya rage. Shi bisa al'adarsu ba ya magana da matar ɗanshi kai tsaye, Lalla ya kalla.

"Na babana ne. Da shi aka ɗaura mini aurenki." Ya maida rawanin bisa faifai. "Tambaye ta ruwa nawa."

"Ɗiyata, ana tambaya."

"Bakwai, Inna."

"Ki ce mata sannu da aiki."

Maganar yini ta ƙare, har ya ci bashin ta gobe. Lalla ta ɗaga riga ta sunsuna ta bi aikin wuya da ido ta ce, "Wagga ta sha shuni aka hidda, ko?" Suwaiba ta sadda kai ta zayyana komi, lemu, kanwa, Uwale, tururi, tana jiran ko a ce ta yi ƙoƙari. Lalla ta ce, "Wayyo ɗiyata, da kin huta. Riga da shuni a wuya ai ita ake so a gani can, sai a ce Elhaji ya yi sabon rawani. Kwana biyu kina wahala ki hidda ɗan abin da ya rage muna."

Juma'a Elhaji ya hau mota da farar riga ƙal da rawanin aro na wani abokinshi, guntu, naɗi uku ya ƙare, Hamid ya ce har suka kai Tagriss hannunshi na bisa baki shina riƙe da shi kada ya zame gaban surukai.

Lalla ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Rawanin kawai ta ɗauka ta shanya a igiyar tsakar gida, daidai inda mai shigowa zai yi karo da shi, busasshen abu, ta bar shi nan kwana takwas. Matan unguwa kuwa kwanakin nan kowace gishirinta ya ƙare, kowace wuta ta mutu mata, sai sallama ake. Duk wadda ta shigo ta ce Lalla wanga fa, sai ta ce, "Turkudin Elhaji ne, malamarmu ta gyara muna. Taɓa ki ji, ko ɗigo ba ya bari a hannu." Su taɓa, su duba yatsa, su ce tabarkalla da ƙarhi dan na cikin ɗaki ya ji. Ta cikin ɗaki ko tana ji, ta saki labule ta ce zazzaɓi take.

Rana ta tara ta hito da kanta tun da hantsi, mata biyu na tsaye wajen igiya, ta gaishe su ba su gama amsawa ba ta kwance rawanin ta ninke ta kai ƙofar Lalla ta durƙusa.

"Inna, ina za a aje shi?"

Lalla ta dube ta, ta matsa mata wuri bisa tabarma. "Kawo takardarshi can bisa akwati. Zamna in gwada miki yadda ake naɗewa, ko da yake yanzu ko cikin randa kika aje shi ba abin da zai same shi."