Sunana a Bakinta, a Birnin Kebek

Ladan bai gama kiran asuba ba muka kulle gida a unguwar Setapak, ni da 'yata, muka kama hanyar filin jirgin Kuala Lumpur. Kebek za mu, can ƙasar Kanada, inda mamanta ta je ƙaro karatun jinya, ta zarce da aiki. Da za ta tafi shekara guda aka ce. Yanzu yarinyar da ta bari tana haɗa baƙi ita ke nuna mini yadda ake duba jirgi a waya. Abokan aikina a kwaleji na ce musu hutu za mu. Ku kuwa ba zan ɓoye muku ba, tambaya ɗaya na ɗauko, za ta dawo ko ba za ta dawo ba.

Zaman jirgi ya ishe mu kafin mu sauka Montreal, daga nan muka shiga jirgin ƙasa. Kaka ce, itatuwan gefen hanya sun rine ja da ruwan ɗorawa, 'yata ta manne da taga tana ta ihu da Turanci. Ni sanyi ne ya dame ni. Rigar sanyin da na saya a unguwar Brickfields ta Kuala Lumpur, mai shagon ya rantse ko ƙanƙara ba za ta ratsa ta ba. Sai da iska ta shiga har ƙashina na tuna bawan Allahn nan bai taɓa ganin sanyin da ya wuce na fanka ba.

A tashar Kebek muka sami matata. Ta rungume 'yarta tana kuka, ni kuma ta rusuna ta ce, "Malam, sannu da hanya." Raina ya ɗan kwanta.

Birnin tsoho ne, kuma an riƙe shi da kyau. Akwai ganuwa, har da ƙofofi, sai ta tuna mini da ta Kano, illa dai ita wannan ta dutse ce kuma ba wanda ya ci gefenta ya gina shago. Titunan ƙanana ne, an shimfiɗe su da duwatsu, kullum ko hawa kake ko gangara. A kan tudu akwai wani ƙaton otal mai koren rufi, kowa sai ya tsaya hoto a gabansa. Faransanci ake yi ko'ina, ni kuwa daga "bonjur" na ƙare. Ta kai mu inda ake sayar da abincinsu na halal, soyayyen dankali da cuku an kwarara masa romo. Kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da mu kwana da kwanaki a shagon mamak, irin gidan abincin bakin titi na Kuala Lumpur. Na ci don kara.

Ita ke gaba a duk yawon. Ta san bas ɗin da za a hau, ta san lungun da iska ba ta bi. Ina biye da ita ina jiran lokacin magana, kullum in ce sai gobe.

Wata safiya muka shiga gidan burodin unguwarsu. Tsohuwar da ke wurin ta tarbe ta da murna, ita kuma ta nuna ni tana bayani da Faransanci. Ban gane komai ba sai kalma ɗaya, sunana. Sunana na yanka, gatsau, ba ko Malam. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ɗan yayarta ma da muke suna ɗaya, "mai sunan Malam" take ce masa. Ba ta ma lura ba, ta ci gaba da zaɓen burodi. Ba raini ba ne, na sani, da raini ne da sauƙi. Ta saba ne da zama inda ni suna ne kawai da ake faɗa wa mutane.

Da yamma muna tsaye a dandalin katako da ke kallon kogi, 'yata na can gefe tana tsintar ganye, na daure na ce, "Mutanen gida suna ta tambaya, yaushe za a dawo?"

Ta daɗe tana kallon ruwa. "Malam, ka dai ga wurin da idonka," ta ce. "Ku ne za ku zo."

Ta san ba zai yiwu ba. Furfura ta fito mini, ba ni da harshen, takarduna ba sa aiki a can. Sauran kwanakin mun ga coci-coci da gidan tarihi, mun hau jirgin ruwa, amma kada ku tambaye ni abin da na gani.

Da muka sauka Kuala Lumpur zafi ya tarbe mu, jikina ya sake, zuciyata ta ƙi. Abin da na koya ba shi da daɗi: mutum ba ya tafiya ranar da ya hau jirgi, a hankali yake tafiya, kana nan kana ce wa jama'a ya kusa dawowa.

A bakin lif muka haɗu da maƙwabciyarmu, wata 'yar Kaduna da ta koyi liƙa "lah" a ƙarshen magana irin na masu Malayanci. "Oyoyo mutanen Kanada! Ya kuka baro Madam? Yaushe za ta dawo, lah?"

Na buɗe baki zan ce ta kusa, sai 'yata ta riga ni. Da Malayanci ta faɗa, ba ta ko ɗago kai ba, wai mamanta ba za ta dawo ba. Ashe ta ji mu a bakin kogi. Matar ta dube ni tana jira in gyara mata zance. Na danna lif, ban gyara ba.