Lamba Tara, Layin Barley

Misis Edna Tranter ta yi shekara ashirin da shida tana dafa abincin rana a makarantar firamaren garinmu. Gajeriya ce mai kaurin hannu, ba a jin bakinta sai in yaro ya bar kabeji a faranti. Mijinta Walter ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu kafin in fara koyarwa. Abu ɗaya kowa ya sani game da ita: ba ta bin Layin Barley. Nan ce hanya mafi kusa daga gidanta zuwa makaranta, amma kullum sai ta zagaya ta bayan coci, ko da ana tsuga ruwa. Mu dai mun ɗauka gangaren layin ne ke wahalar da gwiwarta.

A 1974 shekarata ashirin da uku, sabuwar malama, ina ganin babu wanda ya kai ni sani. Na shafe zango guda ina karanta wa 'yan ajina littattafan wani shahararren marubucinmu na ƙarni na goma sha tara, wanda ya yi ta rubutu a kan marayu da gidan matalauta. A wannan gida hukuma ke tara waɗanda ba su da ko na ci, a raba miji da mata, a raba uwa da ɗa, a sa su aiki a ba su kunu. Yaran suka so labarin, shugaban makaranta ya yaba mini, kaina ya kumbura. Sai na shirya ranar tuna zamanin da: yara su zo cikin tsummoki, a gayyaci iyaye, a sha kunun marayu.

Na shiga kicin da takardar da na kwafo yadda ake dama shi. Misis Tranter ta goge hannu ta duba.

"Wannan ai ya yi kauri, 'yar nan," ta ce. "Kuma wa ya ce miki ana sa madara? Ruwa ne da gishiri."

"Ashe ke ma kin karanta littafin!" na ce ina dariya.

Ta koma kan ferar dankalinta.

Na kuma ce wa yaran kowa ya kawo tsohuwar takarda ko hoto daga gida mu manna a bango. Janice, jikar Misis Tranter, 'yar shekara tara, ta buɗe gwangwanin biskit na kakarta ba tare da ta tambaya ba, ta ɗauko takardar haihuwar kakar. Na manna ta cikin sauran, ko karantawa ban yi ba.

Ranar ta zo. Yara suka yi layi da kwanuka a zauren cin abinci, iyaye na gefe suna ta dariya, Misis Tranter na bayan tukunya da ludayi. Ni kuwa ina da wani abu da na tono a laburare, na ɓoye shi sai wannan lokacin don in burge iyayen. Na ɗaga murya na ce a farkon ƙarnin nan an daina rubuta sunan gidan matalauta a takardar jaririn da aka haifa a ciki, don kada abin ya bi shi har girma. Lambar gida kawai ake sawa, kamar kowane gida.

"A garinmu," na ce, "abin da suke rubutawa shi ne lamba tara, Layin Barley."

Janice ta ɗaga hannu tana tsalle don murna.

"Malama! Malama! Haka aka rubuta a ta Kakata! Lamba tara! Kuma wajen sunan uba babu komai, layi kawai aka ja!"

Tsofaffin cikin iyayen suka sunkuyar da kai. Sai wani yaro mai suna Trevor ya fashe da dariya ya nuna Janice: "Jikar 'yar kunu!"

"Matso da kwanonka, Trevor," in ji Misis Tranter. "Mutane na jira."

Ta zuba wa kowa har yaro na ƙarshe. Ni ce na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi na cire takardar na kai mata kicin. Tana wanke tukunya. Ta busar da hannu sosai kafin ta karɓa, ta ninke ta yadda take a da.

"Shekarata goma sha huɗu aka fito da ni daga can aka kai ni aikatau," ta ce. "Shekara talatin da takwas muka yi da Walter, bai taɓa ganin takardar nan ba."

"Ki yafe mini, Misis Tranter. Wallahi ban sani ba."

"Ai ba ki yi ƙarya ba, Malama. Shi ma mai littafin naki bai yi ba. Sai dai mutanensa da an rufe littafi sun huta. Ni gobe zan fito in zuba wa yaran nan abinci."

Ta kuwa fito. Ta ƙarasa shekarar kafin ta ajiye aiki, ba ta taɓa canza mini fuska ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Na hukunta Trevor, na yi wa ajin dogon wa'azi, amma sunan ya riga ya manne wa Janice.

A da, in layi ya kawo kan Janice, sai ta ɗaga faranti ta ce, "Kaka, ƙara mini dankali," duk zaure na ji. Ranar Litinin da ta biyo bayan ranar kunun ina tsaye bayanta da nawa farantin. Kakar ta zuba mata, ta ƙara ɗaya kamar kullum. Yarinyar ta waiga ta dubi yaran da ke kallonta, sannan ta sunkuyar da kai.

"Na gode, Misis Tranter," ta ce.