Ranar da Hadari Ya Rutsa da Mu a Kan Dutse

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na gama aji huɗu na firamare. Ina tsugune cikin wani tsagin dutse, ruwa na bin ƙeyata yana gangarawa cikin riga, ina kallon Baba yana sauka da ja da baya, da ƙanwata Hajara goye a bayansa. Yana ta ƙanƙancewa a idona har ruwan sama ya shafe su gaba ɗaya, aka bar ni ni kaɗai tsakanin sama da ƙasa.

Gidanmu a wani ƙauye yake kusa da Maska, kuma daga gonarmu ta auduga ana hango dutsen nan can yamma, baƙi ƙirin, kamar an kifa ƙatuwar tukunya. Kullum na kai wa Baba fura gona, ko na je yankan ciyawar awaki, sai na tsaya na ƙura masa ido. A makaranta kuwa, in mun gaji da langa muka zube a gindin mangwaro, ba mu da hira sai tasa. Wani ya ce daga samansa ana ganin Funtua, wani ya ce tafkuna ne suka kewaye shi ta kowane gefe, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa hawa. Na dami Baba da roƙo har ya ce in na ci jarrabawa zai kai ni. Na ci, shi kuma ba ya magana biyu. Da safiyar tafiyar Hajara ta kwanta a tsakar gida tana birgima, har Inna ta gaji ta ce a tafi da ita a huta.

A keke muka tafi, Hajara a gaba, ni a baya kan kariya. A gindin dutsen akwai gidan Nomau, wani Bamaguje abokin Baba, wanda suke musayar iri da shi duk shekara. Matarsa ta cika mana aljihu da dafaffiyar gyaɗa. Gari garau yake, rana ta take, amma Nomau ya dubi gabas ya ce, "Malam Sani, ku hau ku sauko, ban da zaman hira. Kwanakin nan sama ba ta da amana."

Muka tuɓe takalma muka kama hawa. Dutsen da ɗumi a tafin ƙafa, ƙadangaru na ta tserewa, rema na leƙo mu daga ramuka. Wuri ɗaya ne ya ba mu wuya, wata doguwar fuska mai sulɓi wadda babu abin kamawa sai wani ɓaure da ya tsiro a samanta. Da rarrafe muka haye ta, Baba na tura Hajara daga baya. Da muka kai ƙololuwa kuwa, na manta da gajiya. Ashe yaran makaranta ba su yi ƙarya ba. Tafkuna ne kwance ko'ina suna walƙiya, wani ya rufe da bado, wani balbelu sun yi masa fari fat a baki, shanun Fulani na shan ruwa kamar an watsa wake. Gonakin masara da dawa sun miƙe har iyakar gani, ga motoci can kan hanyar Funtua suna tafiya kamar kiyashi. A kan dutsen ma akwai ƙananan kududdufai, Hajara ta duƙufa tana kamun 'ya'yan kwaɗi. Baba da kansa ya shagala, yana nuna mini gonarmu, yana faɗa mini sunayen garuruwa.

Iska ce ta fara juyawa. Wani sanyi ya bugo mu, da muka waiga sai ga gabas ta haɗe baƙi wuluk. Baba ya ce, "Ku tashi." Muna isowa gindin ɓauren nan ruwa ya kece. Fuskar da muka haye da rarrafe ta koma kamar an shafa mata sabulu. Baba ya ɗora ƙafa ya gwada, santsi ya kwashe shi, da ƙyar ya cafki reshe. Tsawa ta faɗi kusa da mu har dutsen ya amsa a ƙirjina. Hajara ta ƙwalla ƙara, jikinta na karkarwa, leɓɓanta sun yi fari, ga shi ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Na dubi fuskar Baba na ga abin da ban taɓa gani ba, na ga tsoro. Ya dube ni, ya dube ta. Sai ya tuɓe rigarsa ya goya Hajara da ita, ya ɗaure tamau, ya kama hannuna ya cusa ni cikin wani tsagi a gefen ɓauren.

"Zauna nan. Ko me ka ji, ko me ka gani, kada ka biyo ni. Zan dawo."

"Baba, ni ma zan iya sauka."

"Na ce ka zauna!"

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Ruwan da ke gangarowa daga saman dutse ya sami hanya ta cikin tsagin, ya rufe mini idon sawu, ya fara hawa ƙwauri. Wasu birrai suka zo suka raɓe ƙarƙashin wani dutse daura da ni, babbansu na kallona yana hamma, haƙoransa a waje. Na karanta duk surorin da na haddace a makarantar allo, ina haɗa kan wannan da wutsiyar waccan. Wata tsawa ta sake faɗowa, na ji ƙauri kamar an ƙyasta ashana. Daga nan zuciyata ta fara raya mini cewa Baba ya zame, suna can ƙasa kwance shi da Hajara, babu wanda ya san ina nan. Na fito da ƙafa ɗaya zan bi su, nan take ta zame, na faɗi da gwiwa, Allah Ya sa hannuna ya kama saiwar ɓaure. Na ja jiki na koma cikin ruwan na tsuguna. Kuka nake yi, amma har da haushi a ciki: don me ita aka ɗauka, ni aka bari?

Ruwa ya fara tsagaitawa ke nan na ji murya daga ƙasa: "Lawal! Lawal!" Da farko ban amsa ba, don ban gane da ni ake ba. Ni ne ɗan fari, kuma saboda alkunya tun da na yi wayo Baba bai taɓa kama sunana ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ranar kuwa da dukan ƙarfinsa yake kira, muryarsa na fashewa. Na amsa. Sai ga shi yana hawowa da rub da ciki, ba riga, Nomau na biye da shi da igiyar guga a kafaɗa. Gwiwoyinsa da tafukan hannunsa duk sun saɓule, jini na bin ruwa. Bai rungume ni ba. Ya shafa kaina, ya latsa hannuwana da ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna daɓas ya ce, "Alhamdu lillahi."

Suka ɗaura igiyar a ɓauren, suka ɗaura ɗaya bakin a ƙuguna, aka zura ni a hankali kamar guga. A gidan Nomau muka tarar da Hajara nannaɗe cikin zane a bakin murhu tana shan kunu. Da la'asar muka koma gida da ƙafa, ni ke tura keken cikin taɓo don hannun Baba ba ya riƙo. Sai da ya daɗe bai kama fartanya ba, maƙwabta ne suka yi masa gayyar noman ƙarshe. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Yanzu a Funtua nake zaune da iyalina. In hanya ta biyo da ni ta wajen nakan hangi dutsen, masu fasa dutse sun cinye masa gefe guda, tafkin nan mai bado ya koma fadamar shinkafa, 'ya'yan Nomau sun tashi sun koma Malumfashi. Mutane ma sun daina nisa cikin daji saboda halin da ake ciki. Yarana kan roƙe ni in kai su, ni kuma in ce sai gari ya yi lafiya. Har gobe in mun haɗu Hajara kan tsokane ni ta ce ita ce 'yar gaban goshi, ita aka zaɓa. Nakan yi dariya kawai. Sai da na haifi nawa na gane cewa ni jira kaɗai na yi a ranar, shi ne ya juya wa ɗansa baya ya sauka. Allah Ya jiƙan Baba.