Baƙon da ya nemi mashiginmu

Ina cikin ɗaure buhun shinkafa a fadama jiya, sai ga wani baƙo bisa babur. Ya tsaya bakin gonarmu yana ɗaga waya sama kamar mai neman sabis.

Mu a wajenmu, wani rafi muka sani shi ne iyakar Gummi da Bukkuyum, shi kuwa rafin ba ya zama wuri ɗaya. Ambaliyar bara ta sauya masa hanya, gonarmu ta koma wata ƙaramar hukuma ba mu ɗaga ƙafa ba.

Baƙon ya ce iyakar ya zo gyarawa a taswirar waya. Sai ya roƙi Kawu Sani, ƙanen Inna, ya nuna masa mashigin da muke ƙetarewa zuwa kasuwa.

Kawu ya ce, "Taswirar ga taka, wa ka ganinta?"

"Kowa, Baba. Kyauta ce ga duk mai waya."

"Har mutanen daji? Ai su ma suna da waya."

Mashigin nan kaɗai ya rage mana tun da 'yan bindiga suka fara tare babbar hanya. Kawu ya ba baƙon fura, ya sallame shi, bai nuna ba.

Ƙila da zuciya ɗaya ya zo. Amma bayan tafiyarsa na bi sawun tayarsa, na ga ta mashigin ma ya fito.

To mai tambayar hanyar da ya riga ya biyo, me yake nema? Ku taya ni dubawa.